Gini Ɗaya, Fuska Huɗu: Dalilin da Ya Sa Ba Na Gajiya da Yabon Revit

Duk wanda ya taɓa zana fuskar gini da hannu, ko ya jera ta layi bayan layi a AutoCAD, ina roƙonsa ya ware yini guda ya zauna gaban manhajar Revit ya ga yadda take fitar da wannan zane. Ba na jin akwai mai zanen gine-gine da zai ga haka ya tashi ransa bai yi fari ba. Mutane sun fi yabon manhajar nan saboda hotuna masu ƙyalli da ake nuna wa masu gida, da ciyawa shar da mota a ƙofar gida. Waɗannan ma suna da kyau. Amma abin da ya sace mini zuciya shi ne zanen nan na baƙi da fari da muke kira elebeshan a ofis, wanda ke nuna gaban gini da bayansa da ɓangarorinsa biyu. A nan ne Revit ta yi abin da ya cancanci a tsaya a yaba mata da kyau, kuma shi nake so in yi.

Ga wanda ba sana'arsa ba, bari in ɗan yi bayani. Fulan yana nuna gini ne daga sama, kamar an cire rufin ana leƙa ɗakuna. Yana faɗin tsawo da faɗi, amma ba ya faɗin tsayi. Zanen fuska shi ne ke nuna ginin kamar ka tsaya a gabansa sak, sai dai an cire yaudarar ido: tagar da ke nesa ba ta ƙanƙancewa, layukan rufi ba sa haɗuwa a can ƙurya, kowane abu yana kan ainihin ma'auninsa, kana iya ɗora rula ka auna. Daga nan birkila ke sanin inda zai tsayar da bulo ya bar gurbin taga, da inda linta za ta zauna. Daga nan kafinta ke sanin gangaren rufi. Hukumar tsara birane, ko KNUPDA ce a Kano ko KASUPDA a Kaduna, tana son ta ga waɗannan fuskoki tare da fulan kafin ta buga hatimi. Kuma daga nan ne mai gida, wanda sau da yawa fulan ba ya ce masa komai, yake fara gane gidansa ya ce, "Yauwa, to yanzu na gani."

Yadda muka gaji yin sa kuwa aiki ne ja. Ka liƙa fulan a saman teburin zane, ka sauko da siraran layuka daga kowace kusurwa, da kowane gefen ƙofa da taga, sannan ka ratsa su da layukan tsayi. Ka gama gaba, ka juya takarda ka yi baya, ka yi dama, ka yi hagu. Sannan a bi da tawada da alƙalamin Rotring a kan takardar nan mai shara-shara. Ana gamawa sai Alhaji ya shigo ya ce, "Injiniya, tagar falon nan ta yi ƙanƙanta, a ɗan buɗa ta. Kuma Hajiya ta ce a mayar da ƙofar kicin ta baya." Magana ce ta daƙiƙa goma, kuma haƙƙinsa ne, gidansa ne. Amma wannan taga tana cikin fulan, tana cikin fuskar gaba, tana cikin sekshan (zanen da ke nuna gini kamar an yanka shi daga sama zuwa ƙasa), tana cikin jadawalin tagogi. Sai a ɗauko reza a yi ta kankare tawada a wuri huɗu. Idan aka manta wuri ɗaya, to an kai takardu biyu masu saɓa wa juna filin gini, birkila ya bi ɗaya, mai walda ya bi ɗaya, ranar sa taga a tarar ba ta shiga gurbinta.

AutoCAD, wadda ta fito a 1982, ta raba mu da reza, kuma mun gode mata. Amma ba ta raba mu da tushen matsalar ba. Layuka huɗu da ka haɗa ka kira su taga, ita a wajenta layuka huɗu ne kawai. Ba ta san akwai dangantaka tsakaninsu da wasu layukan da ke can cikin fulan ba. Wannan dangantaka tana cikin kan mai zane ne kaɗai, kuma kai yana gajiya, musamman da ƙarfe ɗayan dare ana jiran takardu da safe.

To ga abin da Revit ta yi. A cikinta ba ka zana gini, gina shi kake yi. Idan ka ja bango, bango ne na gaske a wajenta: ta san bulo ne inci tara da filasta ciki da waje, ta san ya tashi daga ƙasa ya tsaya a ƙarƙashin dekin. Idan ka ɗauko taga, ba za ta yarda ka ajiye ta a sarari ba, sai a jikin bango, kuma tana sakawa take huda mata gurbi, ta ɗaga ta daga ƙasa gwargwadon tsayin da ka faɗa, a ce milimita 900. Kana can kana fama da fulan, hankalinka na kan ɗakuna da hanyoyin wucewa, ba ka ko tuna da fuska ba. A gefe huɗu na allon akwai wasu 'yan alamomi masu kibiya, ɗaya a arewa, ɗaya a kudu, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Ka danna kan kibiyar sau biyu. Shi ke nan. Ga gidan a tsaye yana kallonka, da ƙofofinsa da tagoginsa da rufinsa da matakalar shiga, kowanne a mazauninsa. Wallahi har yau, duk da na saba, idan na danna ta a sabon aiki sai na ji wani daɗi ya ratsa ni. Aikin da yake cin yini biyu ya wanzu ba tare da na ja layi ko ɗaya ba!

Kuma saurin ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne wannan zane ba kwafi ba ne na wani zane. Gini ɗaya ne tak a cikin kwamfutar, fulan da fuska da sekshan duk kallonsa suke yi daga wurare daban-daban. In ka sauya hula ba sai ka je ka sanar da madubi ba. Haka abin yake a nan. Alhaji ya ce a buɗa tagar falo? Ka zaɓe ta, ka sauya ta daga mita 1.2 zuwa 1.8, kafin ka ɗaga kai ta sauya a ko'ina, har da jadawalin da mai ƙididdigar kaya zai yi lissafi da shi. Abin ya ma fi haka daɗi, domin hanyar tana tafiya ta kowane ɓangare. Kana cikin zanen fuska ka ga tagar bene ba ta daidaita da ta ƙasa ba, idonka ya ƙi yarda da ita. A nan take za ka kama ta ka matsar, ka kulle su tare don kada su sake rabuwa, ka koma fulan ka tarar ta riga ka isa. Wannan ya mayar da fuskar gini wurin tunani da tsarawa, bayan a da ita ce aikin ƙarshe da ake yi a gajiye.

Layukan tsayi kuma wani abin sha'awa ne. Su ne layukan da ke ratsa zanen fuska daga gefe zuwa gefe, kowanne da sunansa da adadinsa: ƙasa, linta, dekin, rufi. A Revit ba ado ba ne, su ne ƙashin bayan ginin. A ce an tsara tsayin hawa na farko mita 3, sai aka ga za a sa silin mai kwalliya da fanka, ana buƙatar mita 3.3. Ka danna adadin ka rubuta sabo. Bangaye su miƙe, dekin ya ɗaga, tagogin sama su bi shi, rufi ya hau, a fuskoki huɗu gaba ɗaya. Ina son nuna wa ɗalibai wannan musamman, saboda yadda suke zaro ido.

Waɗanda suka ƙirƙiro wannan manhaja sun cancanci a ambaci sunayensu. Leonid Raiz da Irwin Jungreis ne, waɗanda suka yi aiki a kamfanin PTC na Amurka, masu manhajar Pro/ENGINEER da ake tsara sassan injina da ita. A can suka ƙware a kan dabarar da ke sa idan ka sauya ma'auni ɗaya, duk abin da ya dogara da shi ya gyara kansa. Suka ce me zai hana gini ya samu irin wannan? An kafa kamfaninsu a 1997 a jihar Massachusetts da sunan Charles River Software, Revit ta farko ta fito a shekarar 2000, kamfanin Autodesk kuma ya saye su a 2002 a kan dala miliyan 133. Adalci ne kuma a ce ba su ne farkon masu tunanin gina gini a cikin kwamfuta ba. Kamfanin Graphisoft da Gábor Bojár ya kafa a Budapest ta ƙasar Hangari a 1982 ya riga su da ArchiCAD, kuma masu amfani da ita suna samun irin wannan ni'ima. Ina girmama su ƙwarai. Ni dai hannuna a Revit ya faɗa, kuma ita zan yaba.

Yanzu bari in shiga ƙananan abubuwan da sai wanda ke aiki da ita kullum yake sanin daɗinsu. Filayenmu ba duka ne murabba'i ba. A cikin birni, ko a unguwannin da aka yanka filaye ba awo, sai ka samu fili mai kusurwa biyar, bango ɗaya ya karkace ya bi lungu. Zana fuskar irin wannan bango da hannu yana buƙatar ka juya fulan ka sake sauko da layuka daga farko. A Revit, ka ɗauko sabuwar alamar kallo ka matso da ita kusa da bangon, sai ka ga kibiyar ta juya da kanta ta fuskance shi sak. Haka ma masallaci. Alƙiblar Kano ba gabas ce tsantsa ba, ta karkata arewa da digiri ashirin da 'yan kai, don haka masallacin da ke cikin makaranta ko rukunin gidaje ba ya bin layin sauran gine-gine. Alamar nan ba ruwanta, duk inda bango ya fuskanta za ta ba ka fuskarsa ta gaskiya. Manhajar kuma ta bambanta arewar takarda da arewar duniya: kana iya miƙar da ginin a kan takarda don sauƙin aiki, ita kuwa tana riƙe da ainihin inda rana ke fitowa.

Sai tsakar gida. Gidan Bahaushe fuskarsa ta waje kaɗan ce daga labarinsa, rayuwa a ciki take. Amma sau nawa ake zana bangayen da ke kewaye da tsakar gida? Da wuya, saboda ƙarin aiki ne kuma ba wanda ya biya shi. A nan kuwa ka ajiye alama ɗaya a tsakiyar fili, akwai 'yan akwatuna huɗu a jikinta, ka yi wa kowanne maki, nan take ka samu fuskoki huɗu na ciki. Haka za ka yi a kicin ka ga jerin kabad da inda tayil zai tsaya, haka a banɗaki. Kana kuma iya gaya wa kowane kallo iyakar inda idonsa zai kai, ta yadda ɗakunan yara da ke can baya ba za su leƙo ta bayan babban gida su rikita zanen ba. Wannan layi ne kawai da kake ja da linzamin kwamfuta, gaba ko baya.

Amma inda nake so in daɗe shi ne wajen inuwa, domin a ƙasarmu inuwa ba kwalliya ba ce, lafiya ce da kuɗin wuta. Kana gaya wa Revit garin da za a yi ginin, ka zaɓi wata da rana da sa'a, ka kunna inuwa, sai ta jefa ta a kan zanen fuska daidai yadda rana za ta yi. Littattafan da yawancinmu muka yi karatu da su an rubuta su ne a ƙasashen da bangon arewa ba ya ganin ranar tsaka ko sau ɗaya a shekara. Kano kuwa tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, rana tana ratsawa ta arewacinmu, wato bangon arewa ne ke shan ranar tsaka, na kudu yana cikin inuwa. A Disamba abin ya juya, rana ta sauka kudu har tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 55 ba, ta yadda bakin kwano da ya fito santimita 60 zai rufe kamar santimita 85 na saman bango da inuwa. A da, wannan lissafi sai da tebur da alƙalami da haƙuri, shi ya sa ba a cika yi ba. Yanzu ido ke gani. Ka ƙara tsawon bakin rufin, ka kalli inuwar tana saukowa har ta rufe tagar.

Fuskar yamma kuwa, ka sa ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu ka gani. Inuwar kaɗan ce, rana tana shigowa a karkace, ɗan bakin rufi ba zai tare ta ba. Na sha juya allon in nuna wa mai gida wannan, mutumin da ya zo da hoton wani gida mai gilashi tun daga ƙasa har sama yana so a yi masa irinsa. Ba na buƙatar dogon wa'azi. In nuna masa fuskar da gilashin, in nuna masa ita da baranda da ƙananan tagogi da bulo mai huji, ya zaɓa da kansa. Gani ya kori ji. Fuskar gabas ma tana da nata sha'ani, tunda daga can hadari ke taso mana da iska, kuma magina na da sun san bangon gabas ne ruwa ya fi duka, shi ake fara yi wa yaɓe kafin damina. Manhaja ba ta zana ruwan sama, amma da yake ta sauke mini nauyin jan layi, ina da lokacin da zan tsaya a kan wannan fuska in tambayi kaina ko tagogin nan suna da kariya, ko indararon nan zai zubar da ruwa nesa da gindin bango.

Na san abin da manyanmu a sana'a suke faɗa, kuma ba na raina shi. Suna cewa zanen fuskar da kwamfuta ta fitar ba shi da rai, duk layukansa kaurinsu ɗaya, ba ka gane abin da ke gaba da wanda ke baya. Suna tuna hannun da ke danna alƙalami a gefen gini ya sassauta a kan tsagin bulo. Gaskiya ne idan mutum ya danna kibiya ya buga abin da ya fito ba tare da ya taɓa shi ba, haka zai gani. Amma kayan gyaran duk suna nan, kuma masu kyau ne. Akwai kaurin alƙalami har mataki 16, kana ba bango nasa, taga nata, ƙarfen baranda nasa. Akwai wurin da za ka ce duk gefen da gini ya rabu da sarari a kaurara shi. Akwai wani ɗan alƙalami da kake bi da shi kan kowane layi ɗaya, ka ƙara masa nauyi ko ka ɓoye shi a wannan kallon kaɗai, ba tare da ka taɓa ginin ba. Sannan a fitowar 2017 suka ƙaro abin da na fi ƙauna duka: dusashewar nesa. Ka kunna shi, abin da ke kusa ya fito baƙi ƙirin, abin da ke baya ya riƙa yin haske-haske gwargwadon nisansa. Gida mai baranda a gaba da bene a can ciki sai ya samu zurfi nan da nan. Ka haɗa wannan da inuwa mai laushi, ka ja layin ƙasa mai kauri a gindinsa, ka ga zanen da ko malaminmu na da zai ɗaga ya duba sau biyu. Kuma idan ka gama wahalar daidaita fuska ɗaya, kana adana wannan tsari da suna ka ɗora wa sauran ukun, da na aikin gobe, da na baɗi. Ofis gaba ɗaya ya zama hannu ɗaya.

Rubuce-rubucen kan zane ma haka. Ka nuna bango da alamar kaya, ta karanto sunan abin da aka yi shi da shi ta rubuta, ko fenti ne ko dutse ko tayil. Ka taɓa saman rawanin gini, ta faɗi tsayinsa daga ƙasa. Ka ja zanen ka ajiye a kan takardar bugawa a sikelin 1:100, alamar da ke cikin fulan ta cike kanta da lambar shafin da aka sa shi. In ka mayar da shi wani shafi, lambar ta bi shi. Ƙaramin abu ne, amma duk wanda ya taɓa neman "duba shafi na 7" ya tarar babu komai a shafi na 7 ya san darajarsa.

Me ya sa nake ɗaukar zanen fuska da zafi haka? Saboda takarda ce da ke iya fin wanda ya zana ta tsawon rai nesa ba kusa ba. Babbar majami'ar birnin Kolon a Jamus an aza harsashinta a 1248, aka yi ta gini har aiki ya tsaya, ta zauna ƙarnuka ba a gama ba. Magina na farko sun bar zanen fuskarta ta yamma a kan fata, tsayinsa ya kai mita 4. Zanen ya ɓata, ya rabu gida biyu. Aka tsinci rabi a Darmstadt a 1814, aka samu ɗaya rabin a Paris a 1816. Da wannan zane aka koma aiki a 1842, aka kammala a 1880, da hasumiyoyi biyu masu tsayin mita 157, bisa niyyar mutanen da suka rasu shekaru ɗaruruwa kafin nan. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ƙara kula da abin da nake fitarwa daga firinta.

Mu kuma a nan muna da fuskokin gini da duniya ke zuwa kallo. Dubi gaban tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Zinder, da zankwayensu a kusurwa, da rawani, da zanen dagi da aka tayar a jikin yaɓe kewaye da ƙofar zaure. Dubi Gidan Makama. Dubi hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, tana sirancewa tana hawa. Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 bai bar mana takarda ba, iliminsa a hannu yake da ido, daga uba zuwa ɗa. Sai da wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya zo ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya tare da matasan da ya horar, suka zana fulan da fuska da sekshan, aikin da aka buga a mujalladi uku a 1990 bayan rasuwarsa. Wasu daga gine-ginen da suka auna yau a cikin waɗannan shafuka kaɗai suka rage.

Da can ina ganin Revit ta bangon bulo ce miƙaƙƙe kawai. Sai ga shi a fitowar 2021 sun ba da damar kishingiɗar da bango, a ta 2022 kuma suka ƙaro bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Ranar da na ga wannan na ce ai bangon tubali ke nan! Haka maginanmu ke ɗora shi tun fil azal, gindi mai faɗi, kai siriri. Yanzu ana iya gina soro a cikin kwamfuta da ainihin siffarsa, a danna kibiya, fuskarsa ta fito da wannan ɗan karkacewar da ke ba ginin ƙasa kwarjini, ba sandararren akwati ba. Zanko da indararo da bakan gizo kuwa, manhajar tana da wurin da kake ƙera naka kayan, ka ba su ma'aunin da za a iya ƙarawa ko ragewa, ka adana su kamar yadda ake adana ƙofa ko taga. Na ƙera zanko guda, na dasa shi a kusurwoyin wani gida na zamani, na kunna inuwar la'asar. Yadda ya tsaga sararin sama a kan takardar ya sa na kira duk wanda ke ofis ya zo ya gani.

Ga ɗalibai da matasan da ke shigowa sana'a, ga shawarata. Autodesk tana ba ɗalibai da malamai damar amfani da Revit kyauta ta hanyar rajistar ilimi, a kan kwamfuta mai Windows. Kada ku fara da katafaren otal. Ku ɗauki gidan da kuka tashi a ciki, ku auna shi da tef, ku kafa layukan tsayi tukuna kafin ku ja bango ko ɗaya, domin duk abin da zai biyo baya a kansu zai rataya. Ku buɗe fulan a rabin allo, fuskar gaba a ɗaya rabin, ku riƙa aiki kuna kallon yadda ɗaya ke amsa wa ɗaya. Ku sa sunan garinku a wurin rana tun ranar farko. Kuma ku ci gaba da zane da fensir a littafinku, domin idon da ya san layi mai nauyi da mara nauyi shi ne zai san abin da zai nema a wajen manhajar.

Ga abokan sana'a kuma, musamman na sassan koyar da zanen gine-gine a Zariya da Kano da sauran jami'o'i da kwalejojin fasaha na Arewa, ina da buri guda da nake so mu haɗa hannu a kai. Ɗakin ajiyar da Revit ke zuwa da shi cike yake da tagogi da ƙofofi irin na Turai da Amurka. Mu ƙera namu: zankwaye iri-iri, indararo, ƙofar zaure, tagar ƙarfe irin wadda masu walda ke yi mana, bulo mai huji, zanen dagi da sauran zanen bango, kowanne da ma'auninsa daidai, mu ajiye su inda kowane ɗalibi zai iya ɗauka kyauta. Kowane aji da ke fita aikin auna tsofaffin gidaje ya dawo da abu ɗaya ya ƙara a ciki. Ni zankona a shirye yake, kuma yanzu ina kan indararo.